Ganyen malberi a Katsina: inda za ka samo shi da yadda za ka ciyar da tsutsar siliki

Idan wani ya yi maka tayin ƙwan tsutsar siliki, kafin ka miƙa hannu ka tsaya ka ƙirga: bishiyar malberi nawa ka sani a garin nan, kuma a cikinsu nawa ne mai su zai bar ka ka riƙa tsinka kullum har wata guda? In babu ko ɗaya, ka roƙe shi ya riƙe maka ƙwansa tukuna. Ƙwan nan in ya fara shiri ba ya jiran kowa, cikin kwana 10 zuwa 14 ya ƙyanƙyashe, kuma abin da zai fito 'yan baƙaƙen tsutsotsi ne masu tsawon milimita 3 kacal, waɗanda ba su da ƙarfin jure yunwa. Ranar da suka fito, ranar suke son ganye.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a cikin birnin Katsina. Ina kiwon tsutsar nan a gida, wajen Ƙofar Ƙaura, don yarana da ɗalibaina su ga da idonsu abin da muke zana musu a allo. Kiwon kansa ba wuya: kwali, inuwa, tsafta. Wahalar duka tana wajen ganye. Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san harawa da dusa ne ke kayar da mutum, ba kuɗin ragon ba. Sai dai shi rago in harawa ta ƙare zai tauna kara, ita kuwa wannan tsutsa in ba malberi ba, gara ta mutu.

Da zarar dattawa sun ji abin da kake nema za su ce maka, "Ai tsamiya suke ci." Ba ƙarya suka yi ba, wata tsutsa daban suke nufi. Tamu ta daji, wadda masana ke kira Anaphe, tana cin ganyen tsamiya da doka, tana taruwa cincirindo ta saƙa gida ɗaya babba, daga nan ake samun zaren tsamiya mai ruwan ƙasa da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Wadda muke magana a kanta, Bombyx mori, a ƙasar Sin aka mayar da ita ta gida shekaru kusan 5,000 da suka wuce, har ta kai ba ta iya rayuwa a daji, in ta rikiɗe ta yi fiffike ma ba ta iya tashi. A 2009 masu bincike a Japan suka nuna cewa wani ƙamshi da ke cikin ganyen malberi, cis-jasmone, shi ke jawo ta ko da ɗan kaɗan ne. Ka ajiye mata ganyen tsamiya, ko zogale, ko mangwaro, ko bedi, ba za ta ko kalle su ba. Ɓaure da cediya da durumi da gamji danginsu ɗaya da malberi a lissafin masana tsirrai, amma kar wannan ya ruɗe ka, ba sa rayar da ita.

Gane bishiyar

Ganyen faffaɗa ne, gindinsa da siffar zuciya, bakinsa da tsini, gefensa da ƙananan haƙora a jere. Manyan jijiyoyi uku ne ke tasowa daga gindin ganyen. Abin da ya fi saurin tona shi: a reshe ɗaya sai ka ga wani ganyen cikakke, wani kuma ya tsattsage gida uku ko biyar. In ka karya hannun ganyen, ɗan farin ruwa zai tsattsafo. 'Ya'yan ƙanana ne a dunƙule, suna farawa kore, su koma ja, su nuna baƙi, kuma suna rina baki da yatsu da tufafi.

Wannan rinin shi ne jagoranka. Kar ka ɓata lokaci kana tambayar manya, yaran unguwa za ka tambaya. Babu bishiya mai 'ya'yan ci a cikin gari da ba su san ta ba, da gidan da take, da halin mai gidan. Nuna musu hoton 'ya'yan a waya, ka ce wa ya san inda ake samun wannan abin mai sa harshe ya yi shuɗi. Bishiyar farko da na riƙa tsinka, wani ɗalibina ne ya kai ni, a bayan wani tsohon gida a GRA, rassanta sun leƙo ta kan katanga.

Bayan yara sai masu sayar da dashen itatuwa da furanni a bakin titi. Da sunan malberi suka san shi, waɗanda suka zauna ƙasashen Larabawa kuma sukan ce tut. Ko ba su da shi a ƙasa, sun san gidajen da suka kai wa, kuma suna iya sa a taho maka da shi daga Kano ko Zariya ko Jos tare da kayansu. Sai tsofaffin gidajen ma'aikata, da harabar makarantu masu gonar koyarwa, da lambunan da ke samun ruwa rani da damina, irin na wajen Ajiwa. Malberi yana son ruwa. A ƙasar da ruwan samanta na shekara ba ya cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma duk cikin wata huɗu yake sauka, ba za ka tsince shi a daji ba. Inda akwai rijiya ko burtsatse da mai kula, nan za ka duba.

In ka samu, kar ka tsinka ta kan katanga. Yi sallama. Mutumin da ya ga baƙo yana tsinkar ganye a jikin gidansa kowace asuba, tunaninsa ba kan tsutsa zai tafi ba, ka san garinmu. Ni nakan tafi da 'yan tsutsotsi biyu ko uku a ƙaramin kwali. Bayan gaisuwa sai in buɗe in ce, "Baba, waɗannan baƙin ne suka kawo ni. Abincinsu ke bayan gidanka, ko za a taimaka mana?" Dattijon GRA ɗin nan da ya ga sun kama ganye suna ci, sai ya ƙwala wa jikokinsa kira, ya ce, "Malam, bishiya taka ce, amma in sun yi zaren a kawo in gani." In sun saƙa ka kai masa ƙwanso biyu, wato gidan zaren da suke naɗe kansu a ciki, ka haɗa da kashinsu, taki ne mai kyau ga bishiyar.

Kafin ka bar wurin ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ana fesa wa bishiyar nan magani, ko ana feshi kusa da ita?

Dafin da ba a gani

Tsutsar siliki ƙwaro ce, saboda haka duk abin da aka yi don kashe ƙwari da ita aka yi shi. Kuma ta fi tsutsar gona rauni nesa ba kusa ba, don ita ba ta taɓa gamuwa da magani ta saba da shi ba. Bishiyar da ke gefen gonar wake a watan Satumba da Oktoba, lokacin da ake ta feshi, ka ƙyale ta. Haka wadda ke cikin lambun tumatir ko kabeji ko barkono da rani. Iska na ɗaukar feshi ta kai shi nesa da inda aka nufa. Wasu magungunan a saman ganye suke zama su baje cikin mako biyu, wasu kuwa shiga jikin bishiyar suke yi, su fi wata suna ciki, wanki ba ya fitar da su. Akwai ma irin da ba ya kashe tsutsar nan take, sai dai ta ci ta girma, lokacin saƙa ya zo ta kasa. In an ce maka an yi feshi, ko da "ɗan kaɗan ne, tun kwanaki", ka haƙura da bishiyar har wannan zubin ya ƙare.

Duk sabuwar bishiya, ko da mai ita ya rantse, gwada ta nake yi. Ka ware tsutsa uku ko huɗu a kwali daban, ka ba su ganyenta, ka jira kwana ɗaya cur. In sun ci dafi za ka ga suna jujjuya kai da sauri, suna amayar da ruwa kore, jikinsu ya takure ya lanƙwashe. In sun wayi gari suna ci suna kashi busasshe baƙi, ganyen ya ci jarrabawa.

Dafin cikin gida ya fi na gona yawan kisa, don ba a kawo shi a rai. Maganin sauro na fesawa, da na kunnawa mai hayaƙi, da fiya-fiya, ko a ɗakin da ke maƙwabtaka aka sa, ya isa. Hayaƙin taba da hannun da ya taɓa taba, haka. Turaren wuta ma a nisanta shi. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne gidan sauro: mutum ya ga ƙuda da ƙadangare na damun tsutsotsinsa, sai ya yanko tsohon gidan sauron da aka raba a asibiti ya rufe kwalin da shi. Wannan ragar a jiƙe take da maganin ƙwari tun daga masana'anta. In za ka rufe, nemi ragar taga ko mayafi shara-shara da ba a fesa wa turare ba. A gidana ɗakin ajiya na ba su, kuma uwargida ta san ba a shiga da komai mai ƙamshi. Ƙafafun teburin da ka ɗora kwalin ka tsoma su a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi da cinnaka, tsaka da ɓera kuma sai murfi.

Tsinka da ajiya

Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya ake tsinka. Ganyen da aka cire da tsakar rana ya riga ya yi laushi tun a bishiya, kafin ka iso gida ya yanƙwane, tsutsa kuwa daga ganye take samun ruwan sha, ba ta da wani. Ka tafi da buhun algarara ko tsohon zane da ka jiƙa ka matse. Kar ka danna ganyen a leda ka ɗaure ka rataya a babur cikin rana, zai yi gumi ya ɗau zafi ya fara lalacewa.

Ba kowane ganye ne na kowace tsutsa ba. Jarirai, a mako na farko, sai ganye mai taushi na kusa da kan reshe, na biyu ko na uku daga toho, wanda ya buɗe yana sheƙi. A yanka musu shi ƙanana, kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya, da wuƙa mai tsafta wadda ba ta yanka albasa ko barkono ba. Suna girma kana saukowa ƙasan reshen, kana ƙara girman yankan. Manya ba su buƙatar yanka, reshe guda ma za ka iya ɗora musu, kuma ganyen da ke jikin reshensa ya fi daɗewa bai bushe ba. Wanda ya yi rawaya, ko mai tabo, ko mai farin gari a bayansa, ko mai kashin tsuntsu, a yar.

Ganye ya zama mai ruwa a cikinsa, busasshe a bayansa. In ka tsinko da raɓa ko bayan ruwan sama, ka shanya shi a inuwa kan zane ya tsane kafin ka ba su, don jiƙaƙƙen ganye na jawo musu zawo da ruɓewar ciki. Da hunturu kuwa dole ka wanke, saboda ƙurar da ke kwanciya a kansa, sannan ka tsane shi sarai. Duk wadda ka ga ta yi laƙwas ko ta canza launi, ka cire ta da tsinke ka binne, ka canza takardar ƙasan kwalin. Cututtukansu ta kashi da ganye suke yaɗuwa. Irin wannan annoba ce ta durƙusar da masu siliki a kudancin Faransa har aka tura masanin kimiyya Louis Pasteur a 1865 ya je ya bincika.

Mai firiji da tsayayyar wuta zai iya ajiye ganye kwana biyar zuwa mako guda, a leda da ɗan tsumma mai danshi, a aljihun kayan miya na ƙasan firijin, ban da wajen ƙanƙara. In ya fito da shi ya bari sanyin ya sake shi tukuna. Ni na fi dogara da tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Busasshiyar iskarmu ita ke sa ta aiki da kyau. Ganye na yin kwana biyu zuwa uku a ciki garau, wanda ya isa ya rage maka zirga-zirga.

Lissafin da ke ba mutane mamaki

Tsutsar tana yin kwana 25 zuwa 30 tana ci, tana saɓa sau huɗu. In za ta yi saɓa takan ɗaga kai ta sandare wajen kwana ɗaya. Ba ciwo ba ne, kar ka taɓa ta, kar ka zuba mata ganye a ka, sai ta fita daga tsohuwar fatar. Daga ƙyanƙyasa zuwa saƙa nauyinta na ninkuwa kusan sau 10,000. Kowace ɗaya na buƙatar ganye kamar giram 20 zuwa 30, wato tsutsa 50 za su ci kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Adadin ba ya da ban tsoro, rabonsa ne matsalar: sama da kashi 80 cikin 100 na wannan ganye a makon ƙarshe suke cinye shi, bayan saɓa ta huɗu. A mako biyun farko ganye uku ko huɗu ya ishe su yini, sai mutum ya saki jiki ya ce ashe abin ba wuya. A makon ƙarshe sau huɗu za ka zuba a rana, ka juya baya ka dawo ka tarar da jijiyoyi kawai. Saboda haka ka bar bishiyarka mafi yawan ganye sai wannan makon, kuma kar ka taɓa yi wa bishiyar mutane tas, ka bar toho da rabin ganyen kowane reshe. Mai farawa kar ya wuce tsutsa 30 zuwa 50. Mace ɗaya na saka ƙwai 300 zuwa 500, ba dole ba ne ka raya su duka, kaji na son sauran.

Shuka naka

Bishiyar aro tana da ranar da mai ita zai sare ta, ko ya yi feshi, ko ya yi tafiya ya kulle gida. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka shuka a daminar bana, ka yi kiwo a ta baɗi.

Da reshe ake dasa shi, kuma yana da saurin kamawa. Nemi reshen da ya yi wata shida zuwa takwas, mai kaurin fensir, wanda ya fara yin ruwan ƙasa. Yanka shi gunduwa-gunduwa, santimita 15 zuwa 20, kowace da ido uku ko huɗu. Ka lura da sama da ƙasa, in ka juya shi ba zai yi ba. Soka shi a karkace cikin ƙasar da aka haɗa da ruɓaɓɓen taki, ido ɗaya kawai ya rage a waje. Ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna, shi ne lokacinsa. Cikin mako biyu za ka ga toho, amma toho ba saiwa ba ne, kar ka ja shi don ka duba. Tazarar santimita 90 tsakanin gindi da gindi ita ce wadda manoman Indiya suka saba da ita. Masu bincike na ƙasar ne ma suka fitar da irin malberin da ake kira V1 da S36 don gonar ban ruwa, da S13 don inda ruwa ke ƙaranci. Indiya da Sin su ke samar da sama da kashi 90 cikin 100 na silikin duniya. A nan gida kuma cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan ta yi aiki a kan malberi da tsutsar. Amma don kiwon kwali ɗaya, duk irin da ka samu ya wadatar.

Abokan gabarsa a Katsina biyu ne: gara da awaki. Gara na cin yankakken reshe kafin ya yi saiwa, musamman in takin bai ruɓe ba, don haka na fi son in fara rainonsa a leda a kan dakali, in zuba toka a kewaye, sai ya yi wata biyu ko uku in mayar da shi ƙasa. Kar ka sa maganin gara a gindinsa, ka san inda zai ƙare. Awaki kuwa suna son ganyen fiye da tsutsar ma, don yana da gina jiki sosai, in babu shinge ba za ka ga ko ɗaya ba. Ka nisanta shi da katanga da ramin masai, saiwarsa na bin danshi. Bayan wata shida za ka iya fara tsinka. Kar ka bar shi ya zama doguwar bishiya, ka riƙa datse shi daidai ƙugu, zai fito da sabbin rassa masu manyan ganye, cikin wata biyu ka samu na tsinka. A nawa lissafin gindi biyar ko shida da ake ba ruwa sun riƙe tsutsa 50 ba fargaba. Ruwan alwala da na wanke kayan miya ya ishe su da rani, ban da mai omo.

Lokacin kiwo kuma ka daidaita shi da bishiya da yanayi. Tsutsar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 23 zuwa 28, tana fara wahala in an haura 30. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Katsina ke kai 40, ka bar ta kawai. Agusta zuwa Oktoba ya fi: ganye ya yi yawa, iska da danshi. Da hunturu ma ana yi in bishiyar na shan ruwa, sai dai ganye na bushewa a kwali cikin awa ɗaya ko biyu, dole ka rufa jiƙaƙƙen zane a saman kwalin ba tare da ya taɓa su ba, da dare kuma ka kai su ɗaki mai ɗumi. Ƙwan da aka saka ya koma ruwan toka bayan 'yan kwanaki, irin mai barci ne, sai ya sha sanyin firiji na wata biyu ko uku kafin ya farka, wannan kai ke zaɓar masa rana. Wanda ya tsaya rawaya-rawaya, irin ƙasashe masu zafi, kwana goma kawai zai ba ka.

In ganye ya yanke maka ana tsaka da kiwo, latas zai iya riƙe su yini ɗaya, a wanke a tsane, amma ruwa ya yi masa yawa, in aka daɗe a kansa zawo suke yi, waɗanda suka tsira kuma ƙwansonsu ba ya kauri. Akwai abincin gari da ake haɗawa da busasshen ganyen malberi da waken suya, a dafa da ruwa ya daskare, sai dai daga waje ake sayo shi, kuma tsutsar da ta saba da ɗanyen ganye sau da yawa ƙin sa take yi. Mafi sauƙi ka rage yawansu, ka kai rabi wajen wanda ke da bishiya.

Wanda kuma ya zagaye garin bai samu malberi ba, akwai wata tsutsar siliki mai suna eri, Samia ricini, da ake kiwo a Assam ta arewa maso gabashin Indiya, ana kuma kiwon ta a Habasha. Ganyen zurma take ci, tana karɓar na rogo, zurma kuwa ga ta nan tana fitowa da kanta a bakin kwata da juji. Ƙwansonta a buɗe yake ta gefe ɗaya, ba a warware shi zare guda, kaɗa shi ake yi da mazari. Dokokin tsinka da gwaji da tsanewa duk ɗaya ne. Sai dai ganyen kawai za ka shigo da shi gida, ka bar 'ya'yan a can, ƙwayar zurma dafi ce mai kisa in yaro ya tauna ta.